Mahalba da Gwanki

Garin Dogon Kiriya yana arewa da Dogon Dutsi, cikin jihar Doso. Yana cikin babban kwarin nan da ake kira Dallol Mawri. Kwarin ya taso daga arewa, ya ratsa ƙasar Arewa, ya bi ta Matankari da Dogon Dutsi da Tibiri, ya gangara har kogin Kwara wajen Gaya. A zamanin da can can, kogi ne mai gudu. Yanzu ruwansa ya nutse ƙarƙashin rairayi. Shi ya sa rijiyoyin cikin kwarin ba su kai na kan tudu zurfi ba. Shi ya sa kuma mutane da bisashe suka taru a cikinsa.

Yau idan yaro ya fita bayan gari, gonakin hatsi da wake zai gani, gona na bin gona har inda ido ya tsaya. Naman dawan da zai tayar bai wuce zomo da kurege da bushiya ba, sai fakara ko zabin dawa in ya yi sa'a. Amma tsofaffin Arewa sun san waɗansu sunaye: barewa, gada, gadu, jimina, kura, raƙumin dawa. Akwai kuma sunan da mahalba ke faɗi da girmamawa, shi ne gwanki.

Kamannin gwanki

Gwanki yana cikin manyan namun dawa masu ƙaho na Afirka. Daga ƙasa zuwa kafaɗarsa ya kusa mita ɗaya da rabi. Babban namiji yakan kai kilo 250, wani har 300. Ke nan ya fi jaki nesa ba kusa ba, ya tasam ma doki. Jikinsa ja-ja ne mai sirkin toka, cikinsa fari. Fuskarsa baƙa ce, da fari kewaye da idanu da baki, kamar wanda aka yi wa kwalliya. Kunnuwansa dogaye ne irin na jaki, da ɗan tukku a ƙarshensu. Yana da gajerar geza a tsaye bisa wuya. Namiji da mace duk suna da ƙahoni masu zobe-zobe, waɗanda suka tanƙwara baya kamar lauje. Na namiji sun fi kauri.

Gwankaye suna tafiya garke-garke, biyar, goma, wani lokaci ashirin. Babban namiji ɗaya ne cikin garke, amma tsohuwar mace ce ke zaɓen hanya. Mace tana ɗaukar ciki wata tara, ta haifi ɗa guda. Ba ta yawo da shi nan da nan. Takan ɓoye shi cikin doguwar ciyawa makonni da dama, ta riƙa zuwa tana ba shi nono. Ɗan yakan kwanta shiru, ko motsi ba ya yi, har kura ta wuce kusa da shi ba ta gan shi ba.

Ku riƙe wannan da kyau, don za a dawo kansa. Gwanki yana bukatar doguwar ciyawa irin gamba, wadda yake ci, yake kuma ɓoye ɗansa a ciki. Yana bukatar ruwa. Barewa tana iya kwanaki da yawa ba ta sha ba, raɓa da ɗanyen ganye sun ishe ta. Shi kuwa ba ya nisa da tabki, kusan kullum sai ya sha. Yana kuma bukatar fili mai faɗi inda babu hayaniya. Saboda haka shi naman kudu ne. A da ana samunsa cikin dazuzzukan kudancin Nijar, inda ruwan sama ya fi yawa. Ƙasar Dogon Kiriya, wadda ruwanta bai cika wuce milimita 500 a shekara ba, tana bakin iyakarsa ta arewa ne.

Ba matsoraci ba ne. In an ji masa rauni, yakan durƙusa bisa gwiwoyin gaba, ya riƙa kai suka da ƙaho dama da hagu. Ko zaki yana shakkarsa a wannan hali. Hausawa suna yi masa kirari da sha-bara, wato wanda aka sha aunawa da kibiya, ga shi nan bai faɗi ba. Sarakuna da jarumai ma ana yi musu wannan kirari.

Su wane ne mahalba?

Ɗan farauta daban, mahalbi daban. Duk saurayin da ya ɗauki gora, ya kira karensa, ya bi jama'a korar zomo da rani, ɗan farauta ne. Halbi kuwa sana'a ce ta gado, kamar ƙira ko jima. Yaro yakan fara da ɗaukar wa ubansa goran ruwa. Yakan yi shekaru yana koyon sawu da kashin namu da kukan tsuntsaye kafin a ba shi baka. Mahalban gari suna da shugaba, wanda ake kira sarkin baka ko sarkin dawa.

A ƙasar Arewa sana'ar tsohuwa ce ƙwarai. Tarihin baka ya ce Gubawa, mutanen farko da suka zauna ƙasar, daji suka iske, kuma farauta na cikin abin da suka rayu da shi. Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji daga cikinsu suka fito. Garuruwa da yawa na ƙasar Hausa, in an bi asalinsu, sai a tarar mahalbi ne ya fara kafa bukka a wurin, kusa da wani tabki inda namu ke shan ruwa. Manoma daga baya suke zuwa.

Kayan aikin mahalbi ba su da yawa: baka da tsarkiya, kwari cike da kibau, wuƙa, gatari, warki na fata, sai layu da guraye. Kibiyar Hausa ba ta da gashin tsuntsu a gindi. Kyauro ne aka dasa wa ƙarfe mai kunnuwa, don in ta shiga kada ta fita. Irin wannan kibiya ba ta da nauyi, ba ta kuma zuwa nesa. Ita kaɗai ba za ta kada dabba mai kilo 250 ba. Ƙarfinta yana cikin dafi.

Ana haɗa dafin da ƴaƴan wani tsiro mai yaɗo, kwankwani. A daka su, a dafa har su yi kauri kamar ƙaro, a shafa bayan tsinin kibiya. Waɗansu suna ƙara nonon tinya. Kowane gidan mahalba yana da nasa haɗi, ba ya kuma faɗa wa kowa. Dafin kwankwani yana bin jini ya je zuciya ya tsai da ita. Abin mamaki, wannan dafi ya zama magani a Turai. A 1885 wani likita na ƙasar Sikotlan, Thomas Fraser, ya nuna cewa ɗan kaɗan daga ruwan dangin wannan tsiro yana ƙarfafa zuciya mai rauni. Likitoci sun daɗe suna aiki da shi.

Buɗin daji

A da ba kowane lokaci ake shiga dawa farauta ba. Da damana kowa yana gona. Ciyawa ta yi tsawo, zabin dawa suna kwancin ƙwai, namu da yawa suna renon ƙananansu. Daji a rufe yake. Sai an yi girbi, an kai hatsi rumbu, ciyawa ta bushe, sannan masu ƙasa su sa rana, a yi bikin da ake kira buɗin daji. A ranar ne Arna ke yin tsafinsu, su faɗi yadda suke ganin shekara za ta kasance. Daga nan hanya ta buɗe wa mafarauta. Wanda aka fi sani shi ne na Masalata, kusa da Birnin Ƙwanni.

Akwai wani abin kuma da ke tsare hannun mahalbi, shi ne tsoro. Mahalba sun gaskata cewa manyan namu kamar gwanki da ɓauna da raƙumin dawa ba a kashe su haka kawai. Wanda ya kashe su ba da shiri ba, wani abu zai bi shi gida, ya sa shi ciwo ko hauka. Don haka sai wanda ya sha magani, ya ƙware, yake tunkararsu, kuma irin waɗannan ba su da yawa a gari. Yara sun san tatsuniyar ɓaunar da ta rikiɗe ta zama budurwa, ta auri ɗan mahalbi don ta ji asirin gidansu. Daga wannan tsoro ta fito.

Mutanen da ba su yi waɗannan al'adu don ƙidayar namu ba. Addininsu suke bi. Amma abin da ya biyo baya a fili yake: namu suna samun hutu na watanni kowace shekara, manyansu kuwa ba kowa ke taɓa su ba.

Yadda ake halbin gwanki

Mahalbi yakan fita tun da asuba, shi kaɗai ko da ɗansa. Bakin tabki yake fara zuwa, don laka ba ta ɓoye labari. Sawun gwanki babba ne, kofato biyu masu tsini a gaba. In bakin sawun yana da kaifi, iska ba ta zuba masa rairayi ba, to na daren jiya ne. In ƙwaro ya ratsa ta cikinsa, ya kwana biyu. Mahalbi yakan murza kashin dabbar da yatsa ya ji ɗanyensa. Daga sawun yake sanin ko su nawa ne, ko akwai ƙanana, ko tafiya suke ko gudu.

Babban abokin gabarsa iska ce. Gwanki yana da hanci, yana da kunne. In iska ta ɗauki warin mutum ta kai masa, farautar ranar ta ƙare. Saboda haka mahalbi yakan ɗebi ƙura ko toka, ya sake ta a hankali, ya ga inda ta nufa. Dole iskar ta riƙa bugun fuskarsa. In ta juya, sai ya yi babban zagaye, ko da zai ci rabin wuni.

Daga nan sai sanɗa. Tun da kibiyarsa ba ta zuwa nesa, sai ya matso kamar taki talatin. A fili wannan aiki ne mai wuya, a nan ne kuma mahalban Hausa suka yi wata dabara da ta yi suna. Akwai wani babban tsuntsu baƙi mai dogon baki, burtu, wanda ke yawo a ƙasa yana tsintar ƙwari da ƙadangaru. Namun dawa sun saba da shi, ba sa gudunsa. Mahalbi yakan sami kan burtu, ya dasa shi bisa lanƙwasasshen itace, ya rufe da fata, ya ɗaura a goshi. Ya lulluɓe jikinsa da baƙin zane, ya duƙa cikin ciyawa. Abin da gwanki zai hanga kan tsuntsu ne yana sama yana ƙasa, kamar mai cin abinci. Mahalbin da ya iya, yakan tsaya inda burtu ke tsayawa, ya waiwaya yadda burtu ke waiwaye. Gwiwa da baya suna shan wuya. Wanda ya yi gaggawa ya yi asara.

Wata dabarar ita ce bago. Da tsakiyar rani, lokacin da tabkuna suka ƙafe sai ɗaya ko biyu, mahalbi yakan hau itace kusa da ruwa, ya gyara wurin zama, ya jira. Ba tari, ba taba, ba korar sauro da ƙarfi. Wani ya kwana uku bai saki kibiya ba.

In kibiya ta shiga, gwanki yakan zabura da gudu. Gudun ne ke gaggauta dafi, don jini yana zagayawa da sauri. Mahalbi ba ya bin sa da gudu. Yakan bi jini da sawu sannu a hankali, yana lura, domin dabbar da ta durƙusa ba ta mutu ba tukuna. Mahalbi musulmi yana so ya riske ta da sauran rai, ya yanka. Sannan a yanke naman da ke kewaye da bakin kibiya a binne. Sauran naman ana cinsa lafiya.

Babu abin da ake zubarwa. Nama ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai a aika gari a zo da jakai. A fitar da rabon sarki da na sarkin baka. Saura a yanyanka sili-sili a shanya, ko a yi banda, don zafin rana ba ya barin ɗanyen nama ya kwana biyu. Fata ta zama takalma da igiya. Ƙahon kuwa a huda shi a gefe, ya zama abin busa. Ƙahon da ake busa wa mafarauta da manoman gayya, da na gwanki aka fi yin sa.

Abin da ya kori gwanki

Da baka da dafi aka yi ɗaruruwan shekaru ana halbin gwanki, bai ƙare ba. Cikin ƙarni guda kuwa ya ɓace daga kusan duk ƙasar Nijar. Me ya faru?

Da farko makami ya sake. Bindiga tana kashewa daga nesa, ba ta bukatar burtu, ba ta bukatar shekarun koyo. Daga zamanin mulkin mallakar Faransa aka fara farauta cikin mota, daga baya har da fitila da dare. Mai mota da bindiga yana iya kashe a dare ɗaya abin da mahalbi ba ya kashewa a shekara. Shi kuma bai san buɗin daji ba, ba ya tsoron abin da zai bi shi gida.

Ga ɗan lissafi. Zabuwar dawa tana yin ƙwai fiye da goma a damana ɗaya. Macen gwanki ɗa guda take haifa, kuma sai ta kusa shekara uku take fara haihuwa. A ce garke yana da mata goma. Ko duk sun haihu, ƴaƴa goma ke nan, kura da ciwo kuma za su ɗauki rabonsu. In mutane suna kashe biyu a shekara, garken zai jure. In suna kashe goma, cikin ƴan shekaru babu garke.

Amma bindiga ba ita kaɗai ba ce, ba ita ce ma babba ba. A 1960 mutanen Nijar wajen miliyan 3 ne. Ƙidayar 2012 ta sami miliyan 17. Kowane baki yana son tuwo, kowane gida yana son gona. Aka sassabe dajin da ke tsakanin garuruwa. Gonar da a da ake barin ta ta huta shekaru, aka koma noma ta kowace damana. Garkunan shanu da awaki suka ƙaru, suka mamaye tabkuna. Sai ga farin da aka yi daga 1968 zuwa 1974, ga kuma na 1984. Gamba ta mutu a wurare da yawa, ƙarangiya ta maye gurbinta. Gambar da ta rage, a gefen gonaki take, ana yanke ta don zana. Babu laifin manomi a nan, babu na makiyayi, kowa abinci yake nema. Sai dai macen gwanki ta rasa inda za ta ɓoye ɗanta.

A farkon shekarun 1970 gwamnati ta hana farauta a duk ƙasar, hanin ya daɗe fiye da shekara ashirin. Dokar da aka yi ranar 29 ga Afrilu 1998 ta tsara ta sabuwa: sai da takardar izini, sai cikin lokacin da aka buɗe, ban da farauta da mota, ko da fitila, ko da wuta, ko da guba. Waɗansu namu, kamar raƙumin dawa da giwa, an hana taɓa su sam. Ma'aikatan gandun daji ke tsaron dokar. Duk da haka gwanki bai dawo Arewa ba.

Wapiti, naman ƙasar ruwa

Akwai wata ƙasa mai nisa inda aka yi irin wannan labari, amma ƙarshensa ya bambanta. Tana arewa maso yammacin Amurka, a jihar Washinton, bakin tekun Fasifik. (Jihar daban take da birnin Washinton, inda shugaban ƙasa ke zaune.) A can akwai manyan duwatsu da ake kira Olimfik. Iska tana ɗauko ruwa daga teku, ta yi karo da duwatsun, ta zubar. A kwarin Hoh ruwan sama yana wuce milimita 3,000 a shekara, wato ninki shida na Dogon Kiriya ko fiye. Itatuwa suna kai mita 60, waɗansu sun zarce. Gansakuka ta rufe rassa da duwatsu da kututturan da suka faɗi. Ko da rana tsaka, ƙarƙashin itatuwan duhu-duhu ne.

Cikin wannan kurmi akwai wata babbar dabba, wapiti, wadda Amurkawa ke kira elek. Ta fi gwanki girma: namiji yakan kai kilo 300 zuwa 500. Namiji kaɗai ke da ƙaho, ƙahon kuma mai rassa ne kamar busasshen itace. Ba irin na gwanki ba ne. Ƙashi ne, yana faɗuwa kowace shekara a ƙarshen sanyi, wani sabo ya tsiro cikin ƴan watanni. A watan Satumba, lokacin barbara, maza suna yin wani dogon kuka mai kama da busa, ana jin sa daga nesa.

Mahalbin can da na nan, da za su haɗu, za su gane juna. Shi ma yana duba sawu da kashi, da itacen da namiji ya goge da ƙaho. Shi ma yana riƙe da ɗan kwalabar gari yana fesawa don ya ga inda iska ta nufa. Ba ya ɗaura burtu, amma yana da ƴar busa da yake kwaikwayon kukan wapiti da ita, namiji ya zo yana neman abokin faɗa. Har yanzu da yawansu da baka suke farauta, ko da yake bakan zamani ne, kuma babu dafi.

Wahalarsu ce ta bambanta. Na Arewa yana fama da ƙishirwa da fili. Na can yana fama da ruwa da duhuwa. Garke yana iya tsayawa taki ashirin gabansa bai gan shi ba. Ruwan sama yana taimakonsa ta wani gefe, don jiƙaƙƙen ganye ba ya ƙara ƙarƙashin ƙafa. Ta wani gefen yana cutarsa, don yana wanke jinin dabbar da aka halba, sawu ya ɓace. Mutum in ya jiƙe cikin sanyi, jikinsa yakan huce har ya mutu, saboda haka suna sa tufafin ulu da rigar ruwa. Hazo kan sauko ya rufe hanya. In an kada wapiti cikin rami mai zurfi, babu jaki, babu mota. Sai a feɗe ta a wurin, a raba ta kashi-kashi, a goya a baya, a hau dutse, a dawo, a sake hawa. Dokarsu ta hana a bar nama ya lalace a daji.

Ƴan asalin ƙasar, kamar ƙabilun Kwinolt da Kwilayut, sun daɗe suna farautar wapiti ba ta ƙare ba. Da baƙi Turawa suka zo da bindiga, sai ta fara ƙarewa. Wajen 1900 har akwai masu kashe ta don haƙora biyu kawai, waɗanda ake ratayawa a sarƙar agogo, su bar nama ya ruɓe. A 1905 jihar Washinton ta hana halbinta. A 1909 shugaba Theodore Roosevelt ya keɓe tsakiyar duwatsun don tsare ta. Wapitin wannan yanki ma sunansa take ɗauke da shi. A 1938 wurin ya zama babban gandun daji na ƙasa.

Wapiti ta dawo. Ta yi yawa har ta fara cinye abincinta, tana mutuwa da yunwa lokacin sanyi, don an riga an kashe kyarketan da ke rage ta. A 1933 aka sake buɗe farauta, amma da ƙa'ida. Cikin gandun ba a halbi. A wajensa akwai kwanakin masu baka a Satumba, akwai na masu bindiga a Nuwamba. Kowa sai ya sayi izini, da wata ƴar takarda da zai ɗaura wa dabbar da ya kashe. Takarda ɗaya, dabba ɗaya. A wurare da yawa sai namijin da ƙahonsa ya yi rassa ake halbi, a bar mata su haihu. Tun 1937 kuma kuɗin harajin da ake ɗora wa bindigogi da harsashi a duk Amurka yana tafiya wajen kula da namun dawa. A farkon ƙarni na 20 wapitin da ta rage a Amurka ta Arewa ba ta kai 100,000 ba. Yanzu ta kai wajen miliyan ɗaya.

Ku lura, wannan ƙa'ida ta yi kama da buɗin daji: akwai lokacin rufewa, akwai lokacin buɗewa, ba kuma kowace dabba ake taɓawa ba. To, me ya sa hani ya maido da wapiti, bai maido da gwanki ba? Duwatsun Olimfik suna da tsayi da sanyi, ba su nomuwa. Da aka daina halbi, wapiti ta iske gidanta yana nan. Dallol Mawri kuwa ƙasar noma ce mai kyau. Da aka daina halbi, gidan gwanki ya riga ya zama gona.

Inda gwanki yake yanzu

A Nijar, gwankayen da suka rage suna kudu maso yamma, cikin gandun dajin W da kewayensa. An ba gandun wannan suna ne don kogin Kwara ya lanƙwasa a wurin kamar harafin W. Ya zama gandun ƙasa a 1954. Ɓangaren Nijar hekta 220,000 ne, sauran yana cikin Benin da Burkina Faso. A 1996 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. A can ba a noma, gamba tana fin mutum tsawo, kogunan Tapowa da Mekuru suna riƙe ruwa a ramukansu har rani. Tare da gwanki akwai ɓauna da kanki da giwa. Tun wajen 2020 rashin tsaro ya addabi yankin, ƴan bindiga sun shiga dajin, aikin masu tsaronsa ya yi wuya ƙwarai.

Akwai babbar dabba ɗaya da ta dawo ba cikin gandu ba, tsakiyar gonaki. Ita ce raƙumin dawa na Kure da Dallol Boso, yamma da ƙasar Arewa. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage, kuma su ne na ƙarshe a duk Afirka ta Yamma. Aka tsare su, mutanen ƙauyuka suka yarda su zauna da su, ko da yake sukan ci musu wake. Bayan shekara ashirin da ƴan kai sun wuce 600. A 2018 aka ɗauki takwas cikin manyan motoci aka kai su gandun Gadabeji, a jihar Maraɗi, inda irinsu ya daɗe da ɓacewa.

Dalilin yana wajen abinci. Raƙumin dawa ganye yake ci, a sama, inda saniya ba ta kai. Manomi yana barin gawo da aduwa cikin gonarsa, saboda haka abincin raƙumin dawa yana nan ko an yi shuka. Abincin gwanki kuwa a ƙasa yake, shi ne wanda hauya ke nomewa, shi ne kuma wanda shanu ke kiwo.